JIKI MAGAYI DA MASU KARATUNSA

Wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya kama hanyar kudu, wadda ta bi ta Tambuwal ta nufi Jega, ba zai yi nisa ba sai ya iso Boɗinga. In ya ƙara gaba kuwa sai ya tarad da Shagari. Ƙasa ce ta noma da kiwo, amma tun da can an san ta da alƙalami da tawada. A Sifawa, nan kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan an ci Alƙalawa, yana karantarwa yana wallafa littattafai, har shekara ta 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna a wannan zamani, kafin ya koma Gwandu. Saboda haka mutanen wannan ƙasa ba baƙin takarda ba ne.

Amma akwai wani irin littafi da bai iso musu ba sai bayan shekara ɗari da ɗoriya, watau ƙagaggen labari, wanda mutum ya kan zauna ya ƙago daga kansa, ya rubuta shi kamar abin da ya faru. Daga cikin na farko da aka buga da Hausa akwai wani ɗan ƙarami mai suna Jiki Magayi. Ba shi da kauri, ana iya gama shi a zama biyu, amma wanda ya karanta shi ya kan daɗe abin yana tsaye masa a rai. Tarihin wannan littafi, da yadda masu karatu su kan karɓi irinsa, shi za a ba da a nan.

Tsoro iri biyu

Kafin zuwan boko, mutanen ƙasar Hausa sun san magana mai ban tsoro iri biyu. Na farko shi ne wa'azi. Malaman jihadi sun tsara waƙoƙi da yawa da Larabci da Fulatanci da Hausa, suna siffanta kwanciyar kabari da tsayuwar Alƙiyama da azabar wuta, domin zukata su yi laushi. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara irinsu, jajis ɗinta kuma suka riƙa ɗaukarsu zuwa ƙauyuka suna koya wa mata. Mai sauraron irin wannan waƙa ya kan ji tsikar jikinsa ta tashi, har ya zub da hawaye. Amma ba a barinsa cikin ruɗu, gama waƙar da ta tsorata shi ita ce kuma za ta nuna masa mafita, watau tuba da gyaran hali.

Na biyu shi ne tatsuniya. Da dare ya yi, sai tsohuwa ta tara yara ta ba su labarin Dodo mai haɗiye mutane, ko na kura, ko na maiya. Yara su matso jikinta, kowa yana waiwayen duhu. Amma ita ma tatsuniya tana da ƙofar fita. Da an ce ƙurunƙus, an ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar, shi ke nan, kowa ya san Dodo ba ya cikin gari, sai a tafi a kwanta.

Ashe ko wane daga cikin biyun nan yana da iyaka da aka sani. Wa'azi gaskiya ne, na malamai ne, a rubuce ya ke. Tatsuniya ƙarya ce, ta mata da yara ce, a baki ta ke. Ba wanda ya ke haɗa su.

Yadda aka fara ƙaga labari a takarda

A shekara ta 1909 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Da makarantu suka yaɗu, sai aka ga yara sun iya karatu amma ba abin da za su karanta. Saboda haka a shekara ta 1929 Gwamnati ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya, aka sake mata suna ta zama Hukumar Talifi. Shugabanta shi ne Dokta Rupert East, wanda ya taɓa koyarwa a Kwalejin Katsina.

A shekara ta 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa, yana tara malamai da ma'aikata masu ilmin boko, yana roƙonsu su ƙago labarai masu ɗan tsawo su rubuta da Hausa, ya ce za a yi gasa. A nan aka fara jin ra'ayin mutane game da wannan sabon abu. East da kansa ya ba da labarin abin da ya tarar cikin wata mujalla mai suna Africa a shekara ta 1936. Ya nuna cewa abin ya zo wa malamai baƙo ƙwarai, gama a ganinsu rubutu na addini ne da al'amura masu nauyi, ba da labarin da bai faru ba kuwa aikin mata da yara ne, bai dace da mutum mai daraja ba. Ba abin mamaki ba ne. An ce musu su ɗauki alƙalamin wa'azi su rubuta tatsuniya da shi.

Duk da haka waɗansu suka amsa. Tsakanin 1934 da 1935 aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa kusa da Zariya, ya rubuta tare da shi East ɗin.

Labarin da ke ciki

A wani gari wai shi Galma an yi wani attajiri, Malam Shehu. Allah ya ba shi dukiya da mata, amma bai ba shi haihuwa ba, abin kuwa yana cinsa. Sai ya yi mafarki wanda ya nuna masa in ya auri wata yarinya Zainabu zai sami ɗa. Ita kuwa Zainabu tana da masoyi, wani saurayi Abubakar, wanda ba shi da ƙarfin Malam Shehu. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da attajiri, aka bar saurayi da baƙin ciki.

Abubakar ya yi alkawarin sai ya rama. Ya bar gari ya shiga duniya neman asiri, daga wannan malami zuwa wancan boka, har ya shiga wani mugun daji inda ya sha wuya iyakar wuya, ya fito da tabo a jiki. Ya sami abin da ya je nema. Kafin ya komo Zainabu ta haifi ɗa namiji, ana kiransa Kyauta, ubansa yana ji da shi kamar ransa. To, Abubakar bai taɓa Malam Shehu ba, bai taɓa Zainabu ba. Yaron ya nufa da asirinsa.

Kyauta ya tashi ya zama ɓarawo. Duka bai gyara shi ba, lallashi bai gyara shi ba. Ya zub da mutuncin gidansu, har kunya ta fid da ubansa daga gari. Shi kuwa ya shiga duniya, ya haɗu da wani gawurtaccen ɓarawo, suna bin garuruwa suna ta'adi. Wata rana da dare suka shiga wani gida a wani gari, maigidan ya farka, Kyauta ya kashe shi. Ashe ubansa ne. Daga baya uwarsa ta warware masa asalin magana tun daga farko. Ya tashi neman Abubakar don ya ɗau fansa, amma mutuwa ta riga shi. Ya komo ya tuba, ya yi ƙoƙarin mayar wa mutane haƙƙinsu, amma abin da hannunsa ya aikata bai bar zuciyarsa ba.

Inda tsoron ya ke

Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya ga aljannu, ya ga wahalar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka riƙa jefa juna ciki, amma dariya ya ke yi. Wanda ya karanta Ganɗoki ya ga an yi yaƙi an kashe mutane ba iyaka, amma ƙirjinsa buɗewa ya ke yi, ba ya jin tsoro. Dalili kuwa shi ne ya san ba zai gamu da Malam Zurƙe a kasuwar Boɗinga ba, ba zai gamu da Ganɗoki a hanyar gona ba. Mutanen littafi ne, a littafi za su zauna.

Jiki Magayi ba haka ya ke ba. Gaskiya akwai daji mai ban tsoro a cikinsa, akwai boka, akwai asiri. Amma ba su ne ke sa jikin mai karatu ya yi sanyi ba. In da dajin ne kaɗai, da ya zama tatsuniya. Abin da ke kaɗa hantar mutum shi ne mutanen da ke ciki, gama ya san su. Wane gari ne ba shi da mai kuɗin da ya rasa haihuwa? Wace unguwa ce ba a taɓa raba yarinya da masoyinta saboda abin hannu ba? Wa bai san gidan mutunci da ɗa guda ya jawo wa abin kunya ba, har mutane suna raɗa suna cewa hannu aka sa masa? Masana adabin Hausa sun daɗe da lura cewa daga cikin littattafan nan biyar, Jiki Magayi da Shaihu Umar su suka fi kusa da zaman duniya na yau da kullum. A Shaihu Umar, mai karatu ya kan ji tausayin uwar da ta ƙetare hamada neman ɗanta da aka sace, ta faɗa bauta, ba ta gan shi ba sai tana bakin mutuwa. Amma can masu laifin a fili su ke, mahara ne da masu cinikin bayi. A Jiki Magayi kuwa ba a san inda za a ajiye laifi ba.

Wannan shi ne abin da ke raba kan masu karatu, in an gama littafin aka zauna hira. Wani zai ce laifin Malam Shehu ne, don ya ga yana da kuɗi ya ƙwace abin da ba nasa ba, abin da ya shuka kuwa shi ya girba. Sai wani ya ce, to, me ya yi wanda shari'a ta hana? Aure ya nema, aka ba shi, kuma son haihuwa ba laifi ba ne. Wani zai ce laifin Zainabu ne da iyayenta, don sun sayar da alkawari. Wani kuma ya ce duk wannan bai kai a lalata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, saboda haka Abubakar shi ne azzalumi. Amma wanda ya faɗi haka, in ya yi wa kansa adalci, zai tuna cewa a farkon littafin bayan Abubakar ya ke, yana jin zafin abin da aka yi masa, har yana so ya ga ya rama. Bai ankara ba sai ya ga mutumin da ya ke tausayi ya zama mugu a gaban idonsa, kaɗan kaɗan, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A nan ne gaban mai karatu ya kan faɗi, domin ya gane cewa shi ma ya taka waɗansu matakai na wannan hanya a zuciyarsa.

Sa'an nan ga Kyauta. Shi ne ɓarawo, shi ne mai kisan kai, amma shi aka fi zalunta. An hukunta shi tun bai san kome ba, saboda abin da ya faru kafin a haife shi. Mai karatu ya kan nemi inda zai huta, inda za a saka wa mai kirki a hukunta mugu kowa ya watse, amma ba ya samu. Ba ƙurunƙus, ba kuwa malamin da zai tsaya a ƙarshe ya ce ga abin da za a yi. An bar shi da abin a hannu.

Mutanen da can sun san wannan sirri. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce wani masani na ƙasar Girka mai suna Aristotle ya yi bayani a kan wasannin baƙin ciki na ƙasarsu. Ya nuna cewa aikinsu shi ne su ta da tausayi da tsoro a zukatan masu kallo, kuma ba su yin haka sosai sai in wanda masifa ta faɗa wa mutum ne kamar kowa, ba waliyyi ba, ba kuwa shaiɗani ba. Wasan da ya fi yabo shi ne na wani sarki Oedipus, wanda shi ma ya kashe ubansa bai san shi ba ne.

Zamanin Yaƙi da Jahilci

Sa'ad da aka fara buga Jiki Magayi, masu iya karatun boko kaɗan ne, galibinsu 'yan makaranta da ma'aikatan En'e. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam yana editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. Amma babban canji bai zo ba sai bayan 1950. A watan Agusta na wannan shekara Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi dai mai Shaihu Umar, ya tashi a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Daga cikin abubuwan da suka biyo baya har da Yaƙi da Jahilci. Aka buɗe azuzuwan manya a birane da ƙauyuka, manoma da maƙera da masaƙa da fatake suka zauna suna koyon baƙi da wasali.

Sai tsohuwar matsala ta komo: wanda ya karɓi takardar shaida, in bai sami abin karantawa ba, karatun zai gudu. Saboda haka a 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna. Ta Lardin Sakkwato sunanta Zaruma, ta Katsina Himma, ta Kano Sodangi. Hukumar ta kuma sake buga littattafan nan na farko, Jiki Magayi ya sake fitowa a 1955. Ta haka ya fita daga aji ya shiga zaure. A wannan zamani mai karatu guda ya kan karanta wa mutum goma, ana zaune ana saurare, wanda bai san baƙi ba ma yana da ta cewa.

Ƙasar Boɗinga da Shagari ba a bar ta a baya ba wajen rubutun Hausa na boko. Wani ɗan Shagari da aka haifa a 1925, Malam Shehu Shagari, ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya zama malamin makaranta. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya don ya sanad da mutane ƙasarsu. Shi ne daga baya ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Waƙa irin tasa kowa ya san inda zai ajiye ta, gama ilmi ce a cikin ƙafiya, kamar yadda aka gada. Amma a duba halin manomin da ya gama ajinsa, wanda ya tashi yana jin cewa abin da ke rubuce gaskiya ne, ga shi an miƙa masa littafi mai sunayen mutane irin na maƙwabtansa, mai sunayen garuruwa irin waɗanda ya sani. Tilas tambaya ta farko da za ta zo masa ita ce, shin wannan abu ya faru? Amsa kuwa ita ce bai faru ba, amma yana faruwa. Gane wannan amsa shi ne mataki na biyu na karatu, bayan sanin baƙi da wasali.

An rufe NORLA a 1959, a 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, ya ci gaba da buga littafin. Ya shiga makarantun sakandare da jami'o'i, ɗalibai suna nazarinsa har yau.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba

Kada a zaci sabon mai karatu ne kaɗai irin wannan labari ke girgizawa. A Amurka, inda aka daɗe ana karanta ƙagaggun labarai, wata mata mai suna Shirley Jackson ta buga wani gajeren labari a mujallar New Yorker a watan Yuni na 1948. Sunansa The Lottery, watau ƙuri'a. Labarin wani ɗan ƙauye ne mai mutum wajen 300. Rana ta fito, yara suna wasa, maza suna hirar shuka da haraji, mata suna gaisawa. An taru a dandali don al'adar da a ke yi ko wace shekara. Kowa ya ɗauki takarda daga cikin wani baƙin akwati. Ta faɗa kan wata matar aure, sai maƙwabtanta da mutanen gidanta suka ɗebi duwatsu suka jefe ta. Ba dodo, ba aljani, ba wanda ya ɗaga murya kafin wannan lokaci.

Da labarin ya fito sai wasiƙu suka yi ta zuwa. Ita kanta ta ce ta sami fiye da 300 a wannan bazara, masu yabo kuwa kaɗan ne ƙwarai. Waɗansu suka zage ta, waɗansu suka daina sayen mujallar. Waɗansu kuma suka ɗauka gaskiya ne, suna tambaya a wane gari a ke yin wannan al'ada, ko mutum zai iya zuwa kallo. Ga shi tambayar manomin Shagari ita ce tambayar mutumin Amurka. Yau kuwa labarin nan yana cikin waɗanda aka fi koyarwa a makarantun ƙasar.

Abin da ya faru a Kano

A ƙasar Hausa gardama mafi zafi a kan irin waɗannan littattafai ta zo ne daga baya. Tun daga wajen tsakiyar shekarun 1980 samari da mata, galibi a Kano, suka fara rubuta labarai suna bugawa da kuɗinsu, ana sayarwa a kasuwa. Mafi yawansu na soyayya ne da zaman aure, waɗansu kuma na ban tsoro ne, labarin matsafa da aljannu. Abin da Jiki Magayi ya taɓa, watau kuɗi su raba masoya, shi ya zama ruwan dare a cikinsu. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin wani ɗan kasuwa da ya kori matarsa da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, da yadda alhaki ya bi shi. An fassara shi da Ingilishi a 2012.

Masu karatu suka rabu. Mata da yawa suka ga zamansu a ciki, suka riƙa ba juna aron littattafan, ana kuma karanta su a gidajen rediyo. Waɗansu iyaye da malamai kuwa suka ce suna ɓata tarbiyya, suna koya wa yara abin da bai kamata ba. Masana suka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da nauyin da za su daɗe. Malam Abdalla Uba Adamu da Malam Yusuf Adamu kuwa suka kare su, suna cewa sun sa dubban mutane karatu da Hausa. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A watan Mayu na 2007 Gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona waɗansu littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan makarantar mata, da hujjar kare tarbiyya. Marubuta suka nuna rashin jin daɗinsu, suna cewa bai kamata a yi wa duka kuɗin goro ba.

Gaskiya ne a cikin kasuwa akwai hatsi akwai ƙaiƙayi, kuma iyaye suna da haƙƙin duba abin da yaransu ke karantawa. Amma tarihin nan ya nuna wani abu. Ba a cika yin fushi da labarin Dodo ba. Labarin da ke ta da ƙura shi ne wanda mutum ya duba ya ga fuskar gidansu a ciki.

Abin lura

Wanda ya gama ajin manya ya fara ɗaukar littafi da kansa, wata rana zai gamu da labarin da zai dame shi. Kafin ya yar da shi, ko ya ce marubucin mugu ne, ya kamata ya tambayi kansa abu biyu. Na farko, shin littafin yana ƙawata mugunta ne don a yi sha'awarta, ko kuwa yana nuna ta ne da ɗacinta da ƙarshenta? Ba wanda ya gama Jiki Magayi ya yi sha'awar zama Abubakar, mutumin da ya ɓad da ƙuruciyarsa da lafiyarsa don ya cuci yaro, bai kuwa sami Zainabu ba, bai sami kwanciyar rai ba. Na biyu, me ya sa abin ya dame shi? Sau da yawa amsar ba ta cikin littafin, tana cikin unguwa: wata yarinya da a ke shirin aurarwa ba da sonta ba, ko wata gaba da aka riƙe shekara da shekaru, ko wani yaro da kowa ya yanke wa ƙauna ba wanda ya tambayi asalin lalacewarsa.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Littafi irin wannan ya kan sa mutum ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa, shi ya sa ba shi da daɗin karatu kamar na ban dariya. Malaman 1933 sun yi gaskiya da suka ce rubutu abu ne mai nauyi. Abin da lokaci ya ƙara nunawa shi ne labarin da bai faru ba ma yana iya ɗaukar wannan nauyi. Malam Shehu da Zainabu da Abubakar da Kyauta ba a taɓa haihuwarsu ba, amma ga shi shekara 90 ke nan ana gardama a kan wane ne mai laifi a cikinsu. Wanda ya ga abin da ya same su ya janye hannunsa daga irin aikinsu, ya ci ribar karatunsa tun jiki bai gaya masa ba. Gani ga wane, an ce, ya isa wane tsoron Allah.